Bin Sawun Mazauna Wani Tsohon Gida a Landan

Adireshi ɗaya tal na shiga Landan da shi, wanda aka kwafo daga bayan wata tsohuwar ambulan: lambar gida, sunan titi, da haruffan NW na arewa maso yammacin birnin. Wani dattijo a dangi ya yi zaman haya a gidan yana ɗalibi a shekarun 1950, ana kuma son a san su wa suka riga shi zama a ciki, wa ya ba shi ɗaki, hannun wa gidan ya koma daga baya. Irin wannan aiki daga yau ake soma shi, a riƙa ja da baya shekara bayan shekara. Wanda ya yi tsalle ya faɗa ƙidayar jama'a ta 1881 da lambar gida ta yau a hannunsa, sau da yawa iyalin maƙwabta zai kwaso ya ɗauka nasa ne.

Saboda haka titin na fara zuwa, a yankin ƙaramar hukumar Camden. Gidaje ne na jan bulo da ya dushe, manne da juna a jere, hawa uku-uku da ɗakin ƙasa da ake gangarawa ta matakala daga bakin titi. Ban ƙwanƙwasa ƙofar kowa ba. Na tsaya a tsallake na ƙirga gidajen daga kusurwa, na rubuta ko na nawa ne a jeren, wane titi ne ya ratsa ta dama, wanne ta hagu, da inda mashayar kusurwa take, don mashaya da coci ba su cika canza wuri ba ko da an sauya wa titi suna. A jikin ƙofar akwai maɓallan ƙararrawa huɗu, kowane da ɗan farin tikiti a gefensa, alamar gidan da aka gina wa iyali ɗaya ya koma gidaje huɗu. Can gaba kaɗan jeren ya yanke, wani gini mai farin bulo na bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya cike gurbin gidaje kusan biyar. Wannan gurbi ma abin rubutawa ne, domin idan gidaje biyar suka ɓace, ƙirgen da aka yi daga wancan ɓangaren ya lalace.

Lambar gida a Landan ba abin dogaro ba ce. A ƙarni na 19 magini kan gina jeren gidaje goma ko ashirin ya raɗa wa jeren suna nasa, ya ba shi lambobi daga 1, sai wani maginin ya zo ya yi nasa jeren a kan wannan titi da wani suna da wasu lambobin daga 1. Hukumar ayyukan birnin da aka kafa a 1855, da majalisar gundumar Landan da ta gaje ta a 1889, sun yi ta haɗe waɗannan jeruka a ƙarƙashin suna guda, suna raba lambobi, mara a gefe ɗaya, cika a ɗaya gefen. An sake wani babban sauyin sunaye a ƙarshen shekarun 1930 don rage tituna masu suna iri ɗaya. Gidan da yake lamba 40 yau yana iya zama lamba 7 na wani jere da sunansa ya mutu tun kafin 1890. Kowane sauyi yana da takardar umarni, galibi da zane mai nuna tsohuwar lamba kusa da sabuwa, kuma ita ce takarda ta farko da ya kamata a nema.

Kafin in shiga kowace ma'adana na zauna da taswirori. Laburaren Ƙasa na Scotland ya sa tsofaffin taswirorin hukumar safiyo ta Birtaniya a intanet kyauta, ana iya jera tsohuwa da hoton sama na yau gefe da gefe. Taswirar Landan ta shekarun 1890, mai ma'aunin 1:1056, tana nuna kowane gida da bayan gidansa da matakalar ƙofarsa, sai dai babu lambobi. Ta bayan Yaƙin Duniya na Biyu mai ma'aunin 1:1250 ita ce ke da lambobin gidaje. Idan aka ɗora wannan a kan waccan, an kama fulotin, daga nan duk sunan da titi ya ɗauka ba zai ruɗa mutum ba.

Ma'adanar tarihin Camden tana hawa na biyu na laburaren Holborn, a titin Theobalds. Dalilin zuwa can shi ne a 1965 an narkar da tsofaffin ƙananan hukumomin St Pancras da Hampstead da Holborn aka yi Camden, takardunsu kuma suka taru wuri ɗaya. Duk mai neman gida a Landan sai ya san sunan hukumar da ke riƙe da titin kafin 1965, don da wannan sunan aka jera littattafan. Gara a aika saƙo a nemi lokaci kafin a je, a kuma faɗi titin da shekarun da ake so.

Littafin adireshi na kamfanin Kelly na fara buɗewa. Kundi ne mai kauri da ake bugawa duk shekara, yana da sashen da ke bin tituna gida-gida, yana kuma nuna inda wani titi ya ratsa. Wannan ya sa ya fi komai amfani wajen gano shekarar da lambobi suka sauya: a ɗauki shekaru biyu a jere, a duba maƙwabtan da ba su tashi ba, sai a ga mai gyaran agogon da ke lamba 9 bara ya koma lamba 44 bana alhali bai motsa ba. Amma suna ɗaya yake bayarwa a kowane gida, wani lokaci ma ya tsallake titunan talakawa ɗungurungum, kuma bayanansa na shekarar da ta gabata ne, tunda sai an tattara kafin a buga.

Daga nan sai littattafan harajin gida. Manya ne, wasu an ɗauke su a fim ana dubawa a na'ura. Kowane layi yana da sunan mazaunin da ke biya, sau da yawa da sunan mai gidan, da ƙimar hayar shekara, da abin da aka karɓa. Mai karɓar haraji yana bin titi a tsari ɗaya kowace shekara, don haka ko babu lamba, matsayin gida a layi yana nuna shi. Inda aka soke suna aka rubuta wani a samansa da fensir, a cikin wannan shekarar aka yi sauyin mazauni. Ba sai an duba kowace shekara ba. A riƙa tsallake biyar-biyar, in suna ya canza sai a koma tsakiya a kamo shekarar. Da haka na ga gidan ya bayyana a littafi a shekarun 1860 da alamar babu kowa a ciki, shekara ta gaba kuma da mazauni. Takardun neman izinin haɗa magudanar ruwa, waɗanda mutane ke rainawa, su suka ba da sunan maginin da zanen ƙasan gidan, suka kuma nuna lokacin da aka ƙara banɗaki a hawa na sama, wato lokacin da aka soma yanka gidan ana ba da haya ɗaki-ɗaki.

A nan ne gizo ke saƙa. Kowace takarda da abin da ya sa aka rubuta ta, kuma mutumin da ya shafi wannan dalili kaɗai take gani. Littafin haraji mai biya yake gani. Takardar mallaka mai gida take gani, ko da bai taɓa kwana a ciki ba. Ɗan haya mai ɗaki ɗaya a hawa na uku, wanda ke miƙa wa uwar gida kuɗinsa duk mako, ba ya cikin ko ɗaya. Wanda ake nema kuwa irin wannan ne.

Rajistar masu zaɓe ita ce ta fi kusa da kama shi. An fara ta a 1832, amma kafin 1918 maza masu dukiya ko masu riƙe da gida ne suka fi yawa a ciki. A 1918 aka shigar da kusan duk maza daga shekara 21 da mata daga shekara 30 masu wasu sharuɗɗa, a 1928 aka daidaita mata da maza. Daga nan rajistar ta zama jerin manyan kowane gida, shekara-shekara. Ba a yi ta ba a 1916 da 1917, haka daga 1940 zuwa 1944. Ba a jera ta da sunan mutum, sai da mazaɓa, da gunduma, da rumfar zaɓe, sannan titi, kuma titi mai tsawo yana iya rabuwa gida biyu, gefen mara a wata rumfa, gefen cika a wata. A shekarun 1950 ana tattara sunaye a Oktoba ko Nuwamba, rajistar ta fara aiki a farkon shekara mai zuwa. Wanda ya iso a Janairu ya tashi a Satumba bai taɓa shiga ba.

A rajistar shekarun da nake nema, gidan yana da suna shida zuwa takwas, sunayen iyali daban-daban, suna sauyawa kusan duk shekara, in ban da mace ɗaya da sunanta ya tsaya tun kafin yaƙi har farkon shekarun 1960. Ita ce kuma ke biyan haraji. Ba sai an faɗa ba, ita ce mai ba da ɗakunan. Sunan dattijonmu bai fito ba, kuma akwai dalili na doka. Kafin 1960, mutumin da aka haifa a Legas ɗan mulkin mallakar Birtaniya ne, yana da ƙuri'a idan yana zaune a Ingila. Wanda aka haifa a Arewacin Najeriya kuwa matsayinsa na wanda ke ƙarƙashin kariyar Birtaniya ne, wannan matsayi kuma ba ya ba da ƙuri'a. Ga kuma sharaɗin shekara 21, wanda sai a 1969 aka sauko da shi zuwa 18. Rashin suna a rajista ba ya nuna mutum bai zauna a gida ba.

Daga nan na nufi unguwar Kew, a kudu maso yammacin Landan, kusa da kogin Thames. Jirgin ƙasa na layin District mai zuwa Richmond ake hawa, a sauka a tashar Kew Gardens, a taka kamar minti goma ta cikin unguwa mai shiru, sai ga ginin Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a bayan wani tafki mai agwagi. Ba a buɗewa Lahadi da Litinin. Shiga kyauta ne, amma taɓa takardun asali sai da katin mai karatu, shi kuma sai an kawo shaida biyu, ɗaya ta suna, ɗaya ta adireshi. Jaka da riga mai kauri da biro duk a akwatin ajiya ake barinsu. Fensir ake shiga da shi, marar magogi a gindi, cikin leda mai nuna abin da ke ciki. An yarda a ɗauki hoto da waya muddin ba a kunna fitila ba. Takardar da aka yi oda takan ɗauki kusan awa guda kafin ta fito, don haka a yi oda da isowa, a tafi kwamfuta a yi aikin ƙidaya kafin nan.

Ƙidayar Ingila da Wales mai sunayen mutane ta fara daga 1841, ana yin ta duk shekara goma, kuma wanda ya kwana a gidan a daren ƙidaya kaɗai take rubutawa. Ta 1841 ba ta da zurfi: an rage shekarun manya zuwa biyar-biyar, ba a faɗi dangantaka ba, lambar gida ma da wuya. Daga 1851 ake samun dangantakar kowa da mai gida, da shekaru, da sana'a, da garin haihuwa. Tarkon da ya fi kama mutane yana layin farko na shafin: lambar da ke can ta takardar ƙidaya ce, ba ta gida ba. Adireshin yana layi na biyu. Sai kuma ƙananan sandunan da malamin ƙidaya ke ja a gefen sunaye, guda ɗaya ƙarshen iyali, biyu ƙarshen gini. Wanda bai lura da su ba zai raba gida ɗaya uku, ko ya haɗe uku su zama ɗaya. Neman titi a shafukan intanet na binciken asali, Findmypast ko Ancestry, yakan ci tura saboda masu kwafe rubutun hannu sun karanta sunan ba daidai ba. Maganinsa a nemo wani maƙwabci da aka riga aka sani daga littafin Kelly, a buɗe hoton shafinsa, a riƙa juyawa gaba da baya har a iso gidan.

A wannan gida ƙidayar ta nuna yadda unguwa ke sauka. A 1871 iyali ɗaya ne da 'yar aiki. A 1891 iyali biyu. A 1911 iyali uku, kuma wannan ce ƙidaya ta farko da takardar da mai gida ya cika da hannunsa ta tsira, da sa hannunsa, da adadin ɗakuna, da shekarun aure, da 'ya'yan da aka haifa da waɗanda suka rasu. Ta 1921, wadda aka yi ranar 19 ga Yuni aka kuma buɗe a Janairun 2022, ta ƙara da sunan wurin aikin kowa da adireshinsa. Daga nan sai rami. Ta 1931 ta ƙone ƙurmus a gobarar wani sito a Hayes a Disambar 1942, ba a yi ƙidaya a 1941 ba saboda yaƙi, ta 1951 kuma tana kulle har ta cika shekara ɗari.

Abin da ke cike ramin shi ne rajistar 29 ga Satumba 1939, wadda aka yi don katin shaida da rabon abinci. Tana ba da cikakkiyar ranar haihuwa, ana kuma iya nemanta da adireshi. Za a ga wasu layuka an rufe su da baƙi: mutanen da ba su cika shekara ɗari da haihuwa ba ne, kuma ba a tabbatar da rasuwarsu ba. Su ma a ƙirga su, don suna nuna yawan mutanen gidan. Da yake hukumar lafiya ta ci gaba da amfani da rajistar har 1991, macen da ta yi aure daga baya za a ga an soke sunanta an rubuta na mijin a sama. A nan na samu ranar haihuwar mai ba da ɗakunan, an rubuta ta a matsayin gwauruwa.

Takardar da ta fi ba ni gamsuwa a Kew ita ce ta ƙimanta filaye da aka yi bisa dokar kuɗi ta 1910, zamanin da Lloyd George ke riƙe da baitulmali. Matakai biyu ne, ba a tsallake na farko. Sai an fara odar taswirar yankin, na Landan suna rukunin IR 121, a shimfiɗa ta a ɗakin taswirori, a nemo fulotin, a karanta lambar da aka rubuta a kansa da jan tawada. Da wannan lamba da sunan gundumar haraji ake odar littafin fili a rukunin IR 58, kowane littafi da kadara ɗari. Ɗan ƙaramin littafi ne da ma'aikaci ya riƙa yawo da shi, shafi huɗu ga kowane gida. Na wannan gida ya ba da sunan mazauni, da mai hayar dogon zango, da mai ƙasar, da kuɗin haya, da wanda ke biyan gyara, sannan da rubutu ƙanana an lissafa ɗakuna hawa-hawa, an ƙara da cewa rufin yana son gyara. Mutum uku ke da hannu a gida ɗaya, kuma haka yawancin Landan take a lokacin: mai ƙasa ya ba magini haya ta shekara 99, magini ya sayar da hayar, mai saye ya zuba 'yan haya. Idan an ce wane ne mai gida, sai a tambaya wanne daga ciki.

Shaidar dattijon kuwa daga teku ta fito. Jerin fasinjojin jiragen ruwa da suka shigo Birtaniya daga wajen Turai, daga 1878 zuwa 1960, yana rukunin BT 26, kuma na shekarun baya-bayan suna da layin adireshin da fasinja zai sauka. Jiragen kamfanin Elder Dempster, irin su Accra da Apapa da Aureol, su ke jigila tsakanin Legas da Liverpool. A nemi suna da kowane irin rubutu da Bature zai iya yi masa, a kuma gwada sunan uba ko na gari a matsayin sunan iyali, in ya ƙi a bi jirgi da wata. Adireshin da ke jerin shigowa sau da yawa na ofishin da ke kula da ɗalibai ne ko na masaukin kwanan farko. Jerin masu fita, BT 27, wanda ya fara daga 1890, shi ke ba da adireshin ƙarshe a Birtaniya, kuma a can lambar gidan da titin suka fito daidai da na ambulan. Wanda ya zo ta jirgin sama, ko bayan 1960, ba shi da irin wannan jeri.

Clerkenwell na je daga ƙarshe, ma'adanar birnin Landan da ke titin Northampton. Taswirorin ɓarnar bama-bamai na majalisar gundumar suna can, an shafa wa kowane gida launi da hannu: baƙi ya rushe gaba ɗaya, shunayya ba ya gyaruwa, ja ya yi mummunar lalacewa, ruwan ɗorawa ɓarna kaɗan. Gurbin nan mai farin bulo baƙi ne da shunayya, gidanmu kuma ruwan ɗorawa. A can kuma rajistar cinikin filaye ta tsohuwar gundumar Middlesex take, daga 1709 zuwa 1938, wadda ta shafi arewacin kogi ban da tsakiyar birni. Wahalarta ita ce da sunan mai sayarwa aka jera ta, shekara-shekara, ba da adireshi ba. In ba a riga an samo sunaye daga littafin haraji ko na 1910 ba, shiga cikinta ɓata lokaci ne.

Ofishin rajistar filaye na gwamnati ba ya bukatar tafiya. Ana sauke takardar mallakar gida ta intanet a kan fam 7, amma mai gidan na yanzu take nunawa, sai dai wani lokaci ta ambaci tsohuwar yarjejeniyar haya da ranarta da sunayen waɗanda suka ƙulla ta. Kundin wasiyyoyi na ƙasa, wanda ya fara daga 1858, ana duba shi kyauta, yana ba da adireshin mamaci da ranar rasuwa da ƙimar abin da ya bari. A ciki na samu mai ba da ɗakunan, da adireshin gidan, a shekarar da sunanta ya ɓace daga rajistar zaɓe. Kwafin wasiyyar da takardar shaidar rasuwarta su za su faɗi wanda ya gaji hayar da wanda ya kai rahoton mutuwar, kuma ta nan ake samun zuriyar da wataƙila ke riƙe da littafin kuɗin haya ko hotuna.

Duk abin da aka samu a zuba shi a jadawali ɗaya: shekara, sunan titi da lambar gida kamar yadda takardar ta rubuta su, sunan mutum, matsayinsa a gidan, da lambar takardar a ma'adana. A ɗauki hoton bangon kundi da tikitin oda kafin a ɗauki shafi, in ba haka ba hotuna ɗari za su taru a waya ba a san na wace shekara ba ne. Mazauna gidan na yanzu kuwa wasiƙa ake jefa musu ta ramin ƙofa, gajera, da bayanin abin da ake nema da kwafin shafin 1911, a bar musu zaɓin amsawa. Sunayen waɗanda ke raye, ko waɗanda ake zaton suna raye, ba a sa su a abin da za a raba wa dangi ko a ɗora a intanet sai da izininsu.